Fatar da Ba Ta Yin Gumi

Ranar da likita ya ce za a sallami maigidana ban yi murna ba. Ina tsaye a bakin gado da filas ɗin shayi a hannu, na ji maganar kamar korarmu za a yi.

Maigida mai gasa burodi ne, tun kafin ya aure ni yake gaban tanderu. Wata safiya bututun gas ya fashe yana tsaye a wurin, wuta ta ci masa ƙirji da baya da wuya da hannun dama. An daɗe ana fama, aka yanko fata daga cinyoyinsa aka dasa masa. Ya rayu, kowa na cewa mu gode wa Allah, muna kuma godewa.

Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau. Fatar da muka dasa masa ba ta yin gumi. Ni da ke in zafi ya dame mu jikinmu zai jiƙe ya huce. Shi kuwa zafin a ciki zai taru masa, kamar tukunyar da aka rufe. Sannan akwai wuraren da ba su gama haɗewa ba, ba a so ƙura ta taɓa su. Ɗaki mai sanyi yake bukata, kuma a rufe. Kuna da esi, na'urar sanyaya ɗaki, a gida?"

Na ce fanka ce da mu.

"Fanka ai iskar da ta tarar take juyawa."

Na roƙe shi ya bar mu har zafi ya sauka. Sai ya nuna min baranda, inda mutane ke kwance a ƙasa suna jiran gado.

Gidanmu na haya ne, ciki da falo da wani ɗan lungu da nake ɗinki a ciki. Rufin kwano ne, silin ɗin kwali, ɗakin kwana kuma yana fuskantar yamma, bangonsa na shan rana har ta faɗi. Ga shi a shekarar aka farke titin ƙofar gidan ana sabunta shi. Tifofi na zirga-zirga tun safe, jar ƙasa na tashi tana sauka a kan komai. In na share tebur na juya na ɗauko almakashi, zan iya rubutu da yatsa a kansa.

Daga asibiti na wuce shagon masu sayar da kayan lantarki. Keken ɗinkina na zamani na riga na sayar da shi don kuɗin esi, na bar tsohon na ƙafa. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a kan hanci, ya bar ni na gama zuba bayani sannan ya fara tambaya. Girman ɗakin? Na gaya masa da awon yadi, don shi na sani, ya yi murmushi ya lissafa a ransa. Rana tana dukan bangon? Na ce sosai. Wutar unguwarku tana da ƙarfi?

"Ana kawowa," na ce.

"Ba kawowa na tambaya ba, 'yata. Da rana tsaka ƙwan fitilarku fari yake ko ja?"

Ja yake, wani lokacin kamar garwashi.

Ya ce to abin da ya dace da ni ƙaramin esi ne mai infata, irin wanda ke tashi a hankali ko da wuta ba ta da ƙarfi, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Sai dai ya ƙare masa, kaya na hanya, ba ya so ya yi min alkawarin rana. Na shiga shaguna na gaba, ko babu, ko kuma akwai amma ya fi ƙarfina. Na dawo wurinsa ƙafafuna sun yi fari. A kusurwa akwai wani babban esi na hannu, an cire shi daga wani ofis.

"Wannan in ya tashi zai sa ku neman bargo," in ji dattijon. "Amma mayunwacin wuta ne. In wuta ta yi rauni ba zai tashi ba. Na faɗa miki, kada gobe ki ce ban faɗa ba."

Gobe ake sallamar maigida. Na ce a ɗaure min shi.

Mai haɗawa ya zo da yamma. Mai gidan haya ya hana a huda bangon baya, wai katangar maƙwabci ce, don haka injin esin na waje a bangon titi aka kafa shi, yana kallon rana da tifofi. Na yayyanka ragowar yadi na cusa a duk wata kafa ta taga da ƙasan ƙofa. Aka kunna, sanyi ya sauko min a ka, na zauna a bakin gado na yi kukan da ban samu yi a asibiti ba.

Da aka kawo maigida ya kwanta rub da ciki, ya lumshe ido ya ce, "Tela, ashe aljanna a bango ake kafa ta." Tela yake ce min tun muna saurayi da budurwa. Wannan ce dariyarsa ta farko tun ranar wutar.

Inna, mahaifiyarsa, ta taho ta zauna da mu don ta taya ni jinya. Ba mu taɓa samun saɓani da ita ba sai a kan esin nan. Ita a saninta sanyi shi ne abokin gabar ciwo. Ta leƙa ɗakin ta ja baya tana kama kafaɗa.

"Yanzu mutumin da ba shi da fata za ki saka a firji? Sanyin nan ƙashinsa zai shiga, ya zo yana tafiya a karkace."

"Inna, likita ne ya ce."

"Likitan ne ya haife shi?"

In na fita ɗebo ruwa sai na dawo na tarar ta lulluɓe shi da bargo har wuya, shi kuma ya yi lamo don ba ya iya yi mata musu. Rimot ɗin na koma ɓoyewa a aljihun rigata. Ta gano makunnin bango. Muka yi ta wannan wasan ɓuya, ba mai ɗaga wa wani murya, kowa na ganin ita ce ke ceton ransa.

Ba a jima ba matsalata da Inna ta zama ƙarama. Da safe esin yana aiki lafiya. Amma da zarar rana ta take, unguwa duka ta kunna fankoki da firji, sai wuta ta yi ƙasa. Injin waje ya yi gurnani, ya yi ƙoƙarin tashi, ya yi ɗif. Ya huta ya sake, ya kuma yin ɗif. Na ciki ya ci gaba da hura iska mai ɗumi. Daidai lokacin da muke bukatarsa shi ne lokacin da ba ya iyawa. Na samo sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, ta ɗan taimaka, sannan ita ma ta fara ƙara kamar ƙudan zuma tana wari. Maƙwabcinmu ya ara mana janaretansa, esin ya shaƙe shi nan take ya mutu.

Na koma dabaru. Da asuba nake kunna shi a ƙarshen sanyinsa don ɗakin ya tara, na hana buɗe ƙofa sai dole. Na ɗinka labule mai kauri ninki biyu. Na riƙa sayo ƙanƙara ina naɗewa a tawul ina sa masa a hammata da bayan gwiwa, wuraren da fatarsa ta asali take. Daga azahar zuwa la'asar ina zaune ina kallon fuskarsa tana ja, numfashinsa na gajarta, ina sauraren injin waje kamar mai sauraren numfashin jariri. Ɗinki ya tsaya. Masu kaya suna zuwa su tsaya a ƙofa, na ba su haƙuri ta taga.

Kuma ko da safen sanyin ya fara raguwa, ban san dalili ba. Na ɗauka idona ne, ko tsoro.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi iska ta tsaya cak. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Masu aikin titi sun haƙa rami daga wannan bakin layin zuwa wancan za su sa kwalbati, ko babur ba ya shigowa. Esin ya yi ta gurnani yana ɗaukewa, can sai na ji wani ƙara daban, wari kamar na roba ya shigo, ya yi shiru gaba ɗaya. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Na kira mai gyara, ya ce yana wani gefen gari a kan bene, sai yamma. Na aiki 'yar maƙwabta wurin mai ƙanƙara, ta dawo da kula babu komai, wai tun safe ta ƙare.

Ɗakin da na toshe da hannuna ya koma tanderu. In na buɗe taga ƙura ce, in na bar ta a rufe wuta ce. Na kunna fanka tana juyawa da ƙyar. Na jiƙa tawul da ruwan randa, ruwan ma ɗumi ne da shi, ina goga masa a fuska da ƙafafu, ina kaucewa bandeji.

"Tela," ya ce, "a fitar da na ƙasan, zai ƙone."

"Me za a fitar?"

"Burodin. Ki ce wa yaran su fitar."

Na taɓa goshinsa, bushe yake ƙamas, zafinsa kamar murfin tukunya. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na kira lambar nas ɗin da ke wanke masa ciwo. Ta ce kada na saka shi a mota mai zafi a haka, asibiti da nisa, ba zai kai ba. A fara sauke masa zafin tukuna, ko ta yaya, yanzu.

Ko ta yaya. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina juyawa, na rasa abin da zan ɗauka. Inna na bakin ƙofa da bargonta a hannu, ta zo lulluɓe shi kamar kullum. Ta dube shi, ta dube ni. Ta matso ta ɗora tafin hannunta a wuyansa, ta janye da sauri. Ya kira ta da sunan wani abokin aikinsa.

Bargon ya faɗi ƙasa. "Ina ne akwai irin abin nan da yake aiki?" ta ce.

Kemis ɗin tsallaken titi ne kawai ya zo min a rai. Matar da ke da shi tana da sola da batura saboda magunguna, ƙofarta ta gilashi kullum a rufe. Kafin na rufe baki Inna ta fita, ba takalmi, ba mayafi. Ta taga na hango ta, tsohuwar da ke dafa bango in za ta tashi, ta gangara cikin ramin kwalbati ta haura ɗaya gefen da hannu da gwiwa. Ba kemis ta fara zuwa ba. Wurin leburorin titin ta nufa, suna fake a inuwar tifa. Ban ji abin da ta ce musu ba, na dai ga sun ajiye shebur sun biyo ta.

Suka shigo jikinsu ja wur da ƙasa, suka tsaya turus da suka gan shi. Na ce kada wanda ya taɓa jikinsa, katifar za su ɗauka. Na ɗauko zannuwan gado wankakku na rufe shi tun daga kai har ƙafa, sai na ga ya yi kama da gawa, na kawar da kai. Babbansu ya ce, "Hajiya, riƙe masa kai kawai, sauran namu ne." Ya daka wa direban tifa tsawa ya kashe mota. Suka shimfiɗa katako a kan ramin, muka tsallaka a hankali, katakon na lanƙwasa, ni ina tafiya da baya ina riƙe da kansa ta cikin zani, ina kiran sunan Allah ina kiran nasa.

Mai kemis ta tare ƙofa. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika mata ido.

"Nan ba asibiti ba ne, Mama. In wani abu ya same shi a shagona ni za a kama. Rufe min za a yi."

"In wani abu ya same shi a ƙofarki fa?" in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna daɓas a kan dakalin, tafin ƙafarta duk ya yi bororo, ta ce wa leburorin, "Ku ajiye shi nan a rana, 'ya'yana, tunda ta ce haka. Ni da shi muna nan."

Matar ta dubi zanin, ta ga yadda yake ɗagawa da sauri da sauri. Ta ja tsaki, ba da mu take ba, ta tura ƙofar da ƙafa. "Ku shigo da shi. Ku kuma ku tsaya a waje da ƙurarku, ku miƙo daga nan."

Muka ja katifar tsakanin kantar shagon da firjin magani. Ta ƙure esinta, ta kwashe robobin ƙanƙarar da take ajiye allurai da su ta miƙo min, ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta ƙi gaya min abin da ta gani. Ta karɓi wayata ta yi magana da nas. Ta juya allon ƙofa ta rufe shago. Mu uku muka durƙusa a kansa, ni a kai, ita a hammata, Inna na riƙe da ƙafafunsa tana shafa musu ruwan sanyi tana motsa baki. Haƙoran Inna har haɗuwa suke don sanyi, ba ta matsa ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga inuwar tifa ta miƙe ta kai bakin gilashi. Numfashinsa ya fara tsawo. Ya motsa kai, ya bi kwalaben da ke jere har silin da kallo, ya daɗe, sannan ya ce da wata murya kamar ta tsoho, "Tela, duk wannan ni zan sha?"

Mai kemis ta fashe da dariya, dariyar ta juye mata kuka, ta tashi ta shige bayan kanta.

Da rana ta yi sanyi ƙanin mijin mai kemis ya kawo mota bakin layi, leburorin suka sake ɗaukarsa. A asibiti aka sa masa ruwa, aka ce ƙodarsa ta sha wuya amma ta tsira. Sai dai duk rufewar da na yi, ƙura ta samu hanya. Wani wuri a bayansa ya ruɓe, sai da aka sake yanko fata aka dasa. Na ji ihunsa daga baranda ranar da aka buɗe wurin. Gadon da aka ce babu, yanzu ya samu.

Mai gyara ya zo ya buɗe injin waje a gabana. Ƙarafunansa na baya sun toshe da jar ƙasa, ta daskare kamar bulo, iska ba ta ratsawa. Ga raunin wuta, ga rana, ga wannan, kwamfireson, wato zuciyar injin, ya ƙone. Ya zaro ragar injin ciki ma ya nuna min, ta koma kamar bargo. Ya ce a wuri irin namu wanke ta ake yi kullum, na wajen kuma a riƙa fesa masa ruwa. Ba wanda ya gaya min, ni ma ban san ana tambaya ba.

Dattijon mai shago ya karɓi gawar esin, ya ce zai cire abin da zai ciru, ya ba ni ƙaramin mai infata da ya iso. Bai ce ai na faɗa miki ba. Wannan karon ban nemi izinin kowa ba, na kwashe kayan ɗinkina daga lungun nan, don shi ne ɗakin da rana ba ta duka, kuma ƙarami ne, ba ya wahalar sanyaya. Gado ɗaya ya shiga da ƙyar, da keken a gefe. Injin waje aka kafa shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Mai gidan haya ya zo zai yi magana, Inna ta fito tana ɗingishi da ƙafafu a naɗe ta tsaya tana kallonsa, ya gaishe ta ya tafi.

Maigida ya dawo ya rame, ya yi shiru da yawa. Sanyin lungun bai kai na wancan ba, amma ba ya ɗaukewa, in an ɗauke wuta kuma janaretan maƙwabci yana riƙe shi. Duk da haka ban daina tsoro ba. Ko miya nake yi kunnena na tsakar gida. In firjin maƙwabta ya yi wani ƙara sai gabana ya faɗi.

Wata rana mai gidan burodin ya aiko da gaisuwa, ya ce a gaya masa wurinsa na nan yana jiransa. Maigida ya amsa da godiya. Da ɗan saƙon ya tafi ya juya fuska bango. Ni da shi mun san ba zai sake tsayawa gaban tanderu ba, ko gaban murhu ma. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin wuta, yanzu ko ƙofar gida ba ya fita sai rana ta faɗi. Na ci gaba da taka keke, don duk abin da zan faɗa ƙarya ne.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sa maɓalli yana da wuya?"

Na ce ba shi da wuya.

Ya tashi zaune. Na zura masa zare a allura, don yatsunsa na dama ba sa haɗuwa sosai, na miƙa masa wata rigar makaranta. Ya daɗe a kan maɓallin farko, ya soki kansa, ya tsotse jinin, ya ci gaba. Da ya gama layin ya ɗaga rigar, maɓallan sun tafi a karkace, ɗaya ma ta baya ya ɗinke shi. Ya kalle su ya kalle ni.

"Warware," na ce, na miƙa masa reza.

Ya karɓa da hannun hagu ya fara tsinke zaren.